Kwatancen da Ake Yi wa Ɗan Aiken Na'ura: Ma'auni Daga Birnin Gwari

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024 an yi abubuwa biyu waɗanda mai kallo ba zai ce akwai abin da ya haɗa su ba. A Birnin Gwari, Gwamna Uba Sani na Jihar Kaduna ya sake buɗe kasuwar kara bayan ta shafe shekaru a rufe, a ƙarƙashin sulhun da aka ƙulla da 'yan bindigar dajin yankin. A Amurka kuwa, kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, wadda ake taƙaitawa da MCP, domin daidaita yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su riƙa amfani da wasu manhajoji wajen aiwatar da aiki. Kafin tsakiyar 2025 kamfanonin OpenAI da Google sun bayyana cewa su ma sun karɓe ta. Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, a wuri irin Birnin Gwari ya kamata a auna nagartar abin da aka ƙera a can, kuma ma'aunin da ake aiki da shi yanzu bai iso nan ba tukuna.

Sai an fara fayyace abin da ake magana a kai. Manhajar da ke hira da mutum, irin su ChatGPT da Gemini da Claude, a asalinta ba ta san komai ba sai abin da ta tsinta a rubuce-rubucen da aka horar da ita da su, kuma horon yana da ranar da ya tsaya. Ba ta san farashin masara na yau ba, ba ta san ko jiya an yi ruwa a Kuyello ba. Don cike wannan giɓi aka fara haɗa ta da wasu ƙananan manhajoji, kowace da aikinta: wata ta duba taswira, wata ta ɗauko hasashen yanayi, wata ta aika kuɗi, wata ta binciko rumbun bayanai. OpenAI ya shigar da wannan tsari cikin hajarsa a watan Yuni na 2023. Da zarar an miƙa wa manhajar hira irin waɗannan kayan aiki, aka kuma sakar mata ta zaɓi wanda za ta ɗauka da lokacin da za ta ɗauke shi, ta tashi daga mai ba da amsa ta koma ɗan aike. Da wannan suna za a kira ta daga nan zuwa gaba.

Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan da aka ba shi. Bai san yadda aka gina su ba, bai san inda suke ɗebo bayanansu ba. Abin da ake miƙa masa kawai shi ne sunan kowane kaya, da 'yan jimloli da ke bayyana aikinsa, da jerin guraben da zai cike kafin ya tura saƙo. A kan waɗannan 'yan jimloli yake yanke shawarar wanda zai kira, da abin da zai zuba a kowane gurbi, da yadda zai fassara amsar da ta dawo. Hausa ta riga ta tanadi kalmar da ta dace da wannan ɗan rubutu, wato kwatance. Kuma duk wanda ya taɓa neman hanya a ƙauye ya san masu kwatance iri biyu ne. Akwai wanda zai nuna da leɓe ya ce “miƙe kawai, nan kusa ne”. Akwai kuma wanda zai faɗa maka inda hanya ta rabu, da rafin da ba ya ƙetaruwa in an yi ruwa, da lokacin da mutane suke daina bi, sannan ya ƙara da cewa rabonsa da hanyar tun kafin damina, don haka in ka isa gari na gaba ka sake tambaya. Dukansu ba su yi ƙarya ba. Na biyun ne dai ya gaya maka iyakar saninsa, kuma wannan iyaka ita ce abin da akasarin kwatancen kayan aikin na'ura suke rasawa.

Abin da ake aunawa yanzu

Ba za a ce masana sun yi sakaci da gwaji ba. A 2023 wasu manazarta, akasarinsu daga Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin, sun tattara kayan aiki fiye da 16,000 daga intanet suka gina wani gwaji mai suna ToolBench. A 2024 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe jadawalin da ke jera manhajoji gwargwadon iya kiran kayan aiki daidai, har da auna ko manhaja ta san ta janye hannu idan babu kayan da ya dace da tambayar. A watan Yuni na wannan shekarar kamfanin Sierra ya fitar da nasa gwajin, inda ɗan aike yake hulɗa da abokin ciniki a harkar kanti da ta tikitin jirgin sama. Sakamakon ya ba da mamaki: manhajojin da suka fi ƙarfi a lokacin ba su kammala ko rabin ayyukan ba, kuma da aka maimaita aiki ɗaya sau 8 a sashen kanti, abin da aka ci a dukkan zagayen bai kai kashi 25 cikin 100 ba.

Waɗannan gwaje-gwaje suna da amfani, amma akwai abin da ya haɗa su. Ɗan aiken suke yi wa jarrabawa, kwatancen kuwa ana ɗaukarsa a matsayin abin da ya riga ya inganta. Tamkar a aiki yara goma da kwatance ɗaya, a jera su bisa wanda ya fara dawowa, ba tare da an taɓa tambayar ko kwatancen ne ya ɓatar da bakwai daga cikinsu ba. Masu ƙera manhajar da kansu sun san nauyin wannan batu. A wani rubutu da injiniyoyin Anthropic suka fitar a Disamba 2024 sun bayyana cewa, a wani aiki na gyaran manhaja, lokacin da suka ɓata wajen gyara kayan aikin ya fi wanda suka ɓata wajen tsara umarnin da ake ba ɗan aiken. Sun lura yana kuskure idan aka bar shi ya rubuta guntun adireshin fayil, sai suka mayar da cikakken adireshi wajibi, kuskuren ya kau. Gyara ne na 'yan kalmomi.

Abu na biyu da ya haɗa gwaje-gwajen shi ne duniyar da suke zato. Duniya ce da kowane gida yake da lamba, kowane ma'auni yake da nauyi tabbatacce, layin waya ba ya ɗaukewa, hanyar da ke kan taswira kuma tana biyuwa dare da rana. Kwatancen da ya ci jarrabawa a wannan duniya yana iya faɗuwa warwas a yammacin Jihar Kaduna.

Hanya, da ranar da aka san ta

Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari, ta zarce Tegina a Jihar Neja, ta wuce kilomita 100 kafin a isa garin, kuma ita ce ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka haɗa Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Shekaru da dama matafiya ba su bin ta sai da rakiyar jami'an tsaro, wasu kuma suna zagayawa ta Funtuwa. A kan wannan hanya Kuriga take, inda aka sace 'yan makaranta a ranar 7 ga Maris 2024. Yanzu a ɗauka an ba ɗan aike kayan taswira, an rubuta masa cewa aikinsa shi ne nemo hanya mafi sauri tsakanin wuri biyu. Ba a faɗi ƙarya ba, abin da kayan yake yi ke nan. Sai wani ma'aikacin ƙungiyar agaji a Abuja, ko ɗan kasuwa a Legas da ke son sarin hatsi, ya ce a tsara masa tafiya. Ɗan aiken zai kira kayan, ya samo nisa da sa'o'i, ya ce a tashi da yamma a isa da daddare. Babu inda aka gaya masa cewa kayan nisa da cunkoso kaɗai yake aunawa, bai san komai game da tsaro ba. Jimla ɗaya da ta faɗi haka, ta kuma umarce shi ya sanar da mai tambaya, ita ce bambancin kwatancen da ya yi aikinsa da wanda ya tura mutum daji.

Sai dai matsalar tana da fuska ta biyu, kuma ita ce masu sharhi daga nesa suke mantawa. Bayan sulhun 2024 rahotanni sun nuna motoci sun dawo hanyar, kasuwa ta ci, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. Ɗan aiken da aka horar da labaran 2018 zuwa 2023, idan kayan aikinsa ba su faɗa masa ranar bayanansu ba, zai ci gaba da gaya wa kowa cewa Birnin Gwari ba ta shiguwa. Ɗan sarin da ya ji haka zai karkata wata kasuwa, bankin da ke duba ko zai ba da rance zai ja baya, malamin da aka tura zai nemi sauyi. Tsohon labari yana cutarwa ta kowane ɓangare: yana iya jefa mutum cikin haɗarin da ya taso jiya, yana iya hana gari cin amfanin zaman lafiyar da ya samu bana. Kuma sulhu irin wannan abu ne da ke iya canzawa daga gunduma zuwa gunduma, daga wata zuwa wata. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane kwatance ita ce ko ya faɗi yaushe aka sabunta bayanan da kayan yake kawowa, ko kuma ya tilasta wa kayan ya riƙa haɗo kwanan wata da kowace amsa.

Akwai wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, ciki har da yankin Birnin Gwari, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. An haramta hawa babur, an dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi. Ko me mutum zai ce game da hikimar matakin, abu ɗaya ba ya buƙatar gardama: inda babu waya, labari yana wuyar fita. Rumbunan da ke ƙirga hare-hare sun dogara ne da abin da 'yan jarida da masu sa ido suka iya ruwaitowa. Idan ɗan aike ya tambayi irin wannan rumbu abin da ya faru a wani ƙauye a Oktoba 2021, aka dawo masa da shafi wayam, me zai fahimta? In kwatancen bai yi magana ba, zai ce lafiya lau aka zauna. Alhali shiru yana iya nufin ba a yi komai ba, yana iya nufin an yi ba a ji ba, yana iya nufin sunan ƙauyen ne ba ya cikin rumbun. Ma'anoni uku ne mabambanta, na'urar kuma siffa ɗaya take nuna musu. A ganina, kwatancen da bai fassara shirun kayansa ba bai cancanci a ce ya kammala ba, komai kyan sauran jimlolinsa.

A nan akwai abin koyi. Rumbun ACLED, wanda ke tattara bayanan rikice-rikice a duniya, yana liƙa wa kowane lamari lamba daga 1 zuwa 3 da ke nuna yadda aka tabbatar da wurin da ya faru. Idan rahoto bai ambaci takamaiman ƙauye ba, ana ɗora lamarin a kan gari mafi kusa ko babban garin yankin, a sa masa lambar da ke nuna haka. Masu rumbun sun bayyana wannan a littafin jagorarsu. To amma wanda zai naɗe rumbun ya miƙa wa ɗan aike, idan ya taƙaita kwatancen ya bar zancen lambar, duk abin da ya faru a tsakiyar daji zai bayyana kamar a cikin garin Birnin Gwari aka yi shi. Ƙaramar hukumar ta wuce murabba'in kilomita 6,000, Gandun Dajin Kamuku kaɗai ya kai kimanin 1,120, yana kuma manne da dajin Kuyambana na Zamfara. Ɗigo ɗaya a taswira ba ya wakiltar ƙasa mai wannan faɗi. Ilimin yana nan a wurin masu rumbun, a hanyar taƙaitawa yake zubewa.

Inda harshe ya shigo

Wannan sashe ne ya fi shafar masu karanta mujalla irin wannan. Guraben da ɗan aike yake cikewa suna neman adadi da suna da kwanan wata, mutumin da ya aike shi kuwa da Hausa ya yi magana. Tsakanin bakin mai aike da gurbin na'ura akwai fassara, kuma kwatancen ne kaɗai zai iya shiryar da ita.

A ɗauki awo. Manomi zai tambayi kuɗin tiyar masara, ko na mudu, ko na buhu. Kayan farashi kuwa mai yiwuwa da kilo yake lissafi. Tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba, buhun da ake kira mai kilo 100 kuma cikarsa ta danganta da mai ɗinki da mai saye, buhun taki shi kuma kilo 50 ne. Kalmar kadada ta fi waɗannan haɗari, domin a kafofin labarai ana jin ta a madadin eka, ana kuma jin ta a madadin hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Idan malamin gona ya tambayi yawan maganin ciyawar da za a fesa a kadada uku, kayan lissafin kuma gurbinsa “faɗin gona” kawai aka rubuta, ɗan aiken zai zuba 3 ya wuce. Ko dai a ƙona shuka, ko a yi asarar kuɗin magani ciyawa ta tsira. Kada a ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. A Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wata manhaja tana fitar da adadi da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa kuma tana zaton ma'aunin mita ne. In injiniyoyin kumbo sun faɗa wannan rami, ba dalilin da zai sa a yi zaton ɗan aiken na'ura zai tsallake shi ba tare da an nuna masa ba.

Lokaci ma haka. Gobe, jibi, gata, citta: kwanaki huɗu ne a jere, kowanne da sunansa, manhajar da ba ta ƙoshi da Hausa ba kuwa tana iya cakuɗa na ukun da na huɗun. “Bayan la'asar” ba ƙarfe kaza ba ne tabbatacce. Mafi daɗin misali shi ne “daren Juma'a”, wanda a bakin Bahaushe da yawa yake nufin daren da Alhamis ta wuce, saboda a lissafin Musulunci dare ne yake gabatar rana. Ɗan aiken da ya fassara shi kai tsaye zai saka motar ɗaukar kaya kwana ɗaya bayan ranar da aka nufa.

Sunayen wurare kuwa sai wanda ya gani. Akwai Sabon Birni a Jihar Sakkwato, akwai wani a Ƙaramar Hukumar Igabi. Tudun Wada tana Kaduna, tana Zariya, tana Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a Jihar Kano. Ita kanta Birnin Gwari akwai tsohon gari da sabo, wasu taswirori suna rubuta Sabon Birnin Gwari. Suna ɗaya yana zuwa da rubutu biyu ko uku, wani na Turawan mulki, wani na hukumar zaɓe, wani na mutanen gari. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, waɗanda mafi yawan masu rubutu a waya ba sa sa su, rumbu kuwa yana iya ɗaukar ƙ da k a matsayin baƙaƙe biyu da ba su san juna ba. Kayan binciken wuri da ke dawo da sakamako na farko da ya samu, ba tare da kwatancensa ya ce “idan suna ya dace da wuri fiye da ɗaya, koma ka tambayi jiha da ƙaramar hukuma” ba, zai kai taki inda ba a nema ba.

Shin mafita ita ce a rubuta kwatancen da Hausa? Ban ga haka ba, aƙalla a yanzu. Manhajojin da ake da su sun fi fahimtar Ingilishi nesa ba kusa ba, kuma mai karanta kwatancen na'ura ce, mutum ba ya ganinsa. Kishin harshe da zai sa a rubuta shi da Hausa ɗan aiken ya ƙara ruɗewa bai amfani Bahaushe da komai ba. Abin da ake bukata shi ne kwatance ya ɗauki sanin Hausa da na ƙasar Hausa, ko da wane harshe aka rubuta shi, tambayoyin da za a gwada shi da su kuma su zo da Hausar da mutane suke yi.

Saura batun amana. A Afrilu 2025 wani kamfanin binciken tsaron manhaja mai suna Invariant Labs ya nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin kwatancen kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, mai amfani bai gani ba. Sun gwada yadda za a iya kwashe saƙonnin WhatsApp ta wannan hanya. A wasu ƙasashe wannan zancen sirrin kasuwanci ne. A yankin da kowa ya san ɓarnar infoma, inda sanin wanda ya sayar da shanu da ranar da zai koma gida ya isa a tare shi, zancen rai ne. Duk ma'aunin da za a gina dole ya duba ko kwatancen ya faɗi gaskiya game da inda bayanan mai tambaya suke zuwa, da ko akwai abin da ya ce wa na'ura wanda bai ce wa mutum ba.

Za a iya cewa duk wannan riga malam masallaci ne. Mutanen da har yanzu suke neman sabis mai ɗorewa da asibiti da makaranta, ina ruwansu da ɗan aiken na'ura? Maganar tana da ƙarfi, amma ta manta da cewa ba sai mutum ya riƙe kayan ba kafin kayan ya yanke hukunci a kansa. Ofisoshin da ke raba taki da rance da kayan agaji suna Kaduna da Abuja, kuma su ne za su fara ɗora aikinsu a kan irin waɗannan manhajoji. Ban da haka, tun Afrilu 2024 kamfanin Meta ya saka manhajar hirarsa a cikin WhatsApp a Nijeriya, a Satumba 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da N-ATLaS, manhajar harshe da ta ƙunshi Hausa. Abin ya riga ya shigo aljihu. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na injiniyoyi: kwatance in ya yi tsawo yana cinye gurbin da ɗan aike yake tunani a ciki, in kuma ya cika gargaɗi sai ɗan aiken ya zama matsoraci, kowace tambaya ya ce a tuntuɓi hukuma. Wannan gaskiya ne, kuma ɗan aiken da ba ya amsa komai game da Birnin Gwari shi ma wata wariya ce. Shi ya sa batun yake bukatar awo. Ba a sanin jimlar da ta yi amfani da wadda ta zama kaya sai an cire ta an ga abin da ya canza.

Yadda za a auna ba shi da wuyar faɗa. A riƙe ɗan aike ɗaya, a riƙa sauya kwatancen, akasin yadda aka saba. A tara tambayoyi daga bakin direbobi a tasha, da dillalan hatsi, da malaman gona, da ma'aikatan lafiya, a bar su yadda aka faɗe su ko aka rubuta su a waya, da kurakuransu. A cikinsu a sa waɗanda amsarsu ta gaskiya ita ce “wannan kayan bai sani ba”, a ba da maki ga ɗan aiken da ya faɗi haka. A maimaita kowace tambaya sau da yawa, tun da gwajin Sierra ya nuna cin sau ɗaya ba hujja ba ne. Sannan kada a ƙirga kurakurai kamar ƙwayar gero, kowanne ɗaya: kuskuren rubutun suna da kuskuren tura mota hanya da magariba ba nauyinsu ɗaya ba, kuma mutanen yankin ne suka fi cancanta su faɗi nauyin kowanne. Akwai ma gwaji mai arha da ba ya bukatar kwamfuta. A ba ɗalibin da bai taɓa ganin kayan ba kwatancen da tambayoyi goma, a ce ya faɗi abin da zai cike da abin da yake sa ran samu. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne na'urar za ta yi shaci-faɗi, domin ita ba ta cika tsayawa ba.

Wa zai yi aikin? Rubuta kwatance ɗan'uwan rubuta ƙamus ne: a faɗi abin da kalma take nufi, da inda take aiki, da inda ba ta yi, cikin 'yan kalmomi. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna wa mai karatu cewa wannan kalma ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato, wato yana faɗin iyakar kowace ma'ana, kuma wannan tarbiyya ce ta ci gaba har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sassan harsunan Nijeriya a Zariya da Kano da Sakkwato da Jami'ar Jihar Kaduna suna yaye ɗalibai masu nazarin ma'ana da karin harshe da fassara kowace shekara, da yawansu suna neman batun bincike da ba a tattake ba. Ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane sun riga sun nuna ana iya gina ma'auni daga gida: tarin bayanan NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad ya jagoranta, masu jin harsunan ne suka tantance shi da hannu. Abin da ya rage shi ne a matsa daga auna ko na'ura ta gane fushi da murna a rubutu, zuwa auna ko ta iya kai saƙo.

Kundin digiri na biyu guda ɗaya zai iya ɗaukar awon hatsi a kasuwannin Birnin Gwari da Funtuwa da Giwa, ya auna tiya da mudun kowace da sikeli, ya rubuta kwatance iri uku na kayan farashi, ya gwada su. Wani ya ɗauki sunayen ƙauyukan gundumomin Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da duk rubutun da kowanne yake zuwa da shi. Sharaɗi biyu ne ba za a sassauta ba. Waɗanda aka ɗebi tambayoyi daga bakinsu a biya su ladan lokacinsu, tun da iliminsu ne jarin aikin. Kuma a goge duk abin da zai nuna ko su wane ne, da ƙauyensu, da ranar da suke tafiya, kafin a ɗora tarin a intanet inda kowa zai iya saukewa.